Zanen bashin masu kawo kaya yana hawa: kasuwa ce ke bunƙasa ko farashi ne ke tashi?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam Akanta. Ina sayar da kayan masarufi a sari a Agege: shinkafa, sukari, fulawa, taliya da man girki, kuma ina ɗauko wake da gero daga Dawanau. Yawancin kayan bashi ake sauke mini, in biya bayan mako biyu ko wata guda. Yarona ya sa mana manhajar lissafi a kwamfuta, kuma duk ƙarshen wata yana fitar mini da zane mai sanduna na kuɗin da masu kawo kaya ke bin mu. Shekara biyu ke nan sandunan suna hawa. Yaron yana cewa alamar kasuwa na bunƙasa ce, amma ni da idona ina ganin sito ba ya cika kamar da. Shin wannan zane zai iya nuna mini yadda sayayyata take tafiya, kuma yaya zan karanta shi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Idan na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: me sandunan nan suke aunawa a zahiri, sannan ta wace hanya littafin bashin masu kawo kaya zai nuna maka ko sayayyarka tana ƙaruwa ko tana ja da baya. Zan fara da cewa idonka ya fi kusa da gaskiya a kan fassarar yaronka, duk da cewa shi zanen bai yi ƙarya ba. An tambaye shi abin da ba shi yake aunawa ba ne.

Littafin bashin masu kawo kaya ƙofa biyu gare shi. Duk lokacin da aka sauke maka kaya ba ka biya ba, adadin ya hau, duk lokacin da ka tura kuɗi kuma ya sauka. Abin da sandar ƙarshen wata take nuna maka shi ne ragowar da ta saura a tsakanin biyun, kamar ruwan da mutum zai tarar a randa da magariba. Ruwan randa yana iya yin sama saboda an ƙara zubawa, yana kuma iya yin sama saboda ranar ba a ɗiba da yawa ba, kuma wanda ya leƙa da magariba kawai ba zai iya bambancewa ba. Haka sandarka take: tana iya hawa don ka sayi kaya da yawa, ko don kayan sun yi tsada, ko don ka fara jinkirin biya. A cikin ukun nan na farko ne kaɗai yake da alaƙa da bunƙasar kasuwa, na biyu cin jari ne, na uku kuwa sau da yawa alama ce ta cewa kuɗi sun fara ƙarfi a hannu. Saboda haka gyaran farko shi ne yaronka ya daina zana ragowar bashi idan sayayya ake son gani. Ya zana jimillar inbois, wato takardun kuɗin kaya da masu kawowa ke bayarwa, waɗanda suka shigo a kowane wata, an biya su ko ba a biya ba. Bayanan suna nan a cikin manhajar, rahoton da ake cirowa ne ya bambanta.

Naira daban, buhu daban

Ko da an yi wannan gyara, akwai sauran aiki, kuma a nan ne na fi ganin 'yan kasuwarmu na Legas suna ruɗuwa tun daga shekarar 2023. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. A irin wannan yanayi duk zanen da aka yi da naira zalla dole ya hau, ko da kasuwar tana ramewa.

Bari in ba da misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce a wani wata na bara ka sayi buhu 1,000 na shinkafa a kan naira 60,000 kowanne, wato naira miliyan 60. A wannan watan na bana ka sayi buhu 850 a kan naira 80,000, wato miliyan 68. Sandar bana za ta fi ta bara tsawo da miliyan 8, yaro zai yi murna, alhali buhu 150 ne suka ragu a sito, kashi 15 cikin ɗari na abin da ka saba ɗauka. Idan aka warware miliyan 8 ɗin, za a ga tsadar naira 20,000 a kan buhu 850 ta ƙara miliyan 17, raguwar buhu 150 a tsohon farashi kuma ta rage miliyan 9. Abin da ya faru ke nan a misalin: ka ƙara zuba kuɗi, ka ɗauki kaya kaɗan. Akasin haka ma yana faruwa, domin idan farashi ya sauka bayan kaka, sandar tana iya gajarta alhali tireloli sun fi na da yawa.

Maganin wannan ba ya buƙatar wata manhaja mai tsada. Kowane inbois a shigar da shi da abu uku a rarrabe: yawan kaya, farashin ɗaya, da jimilla. Akawu da yawa suna rubuta jimilla kawai saboda gaggawa, su sa "kaya daga Kano, miliyan 14", kuma daga irin wannan layi babu akantan da zai iya fitar maka da wani abu mai amfani. Sannan a tsayar da ma'auni guda ga kowane kaya. Idan shinkafa tana zuwa a buhu mai kilo 50 da mai kilo 25, a mayar da su duka zuwa ɗaya. Man girki a ƙirga shi da lita, domin jarka mai lita 25 da katan na ƙananan robobi ba za su haɗu a layi ɗaya ba sai an yi haka. Wake da geron Dawanau sun fi wahala, saboda buhun hatsi ba kullum yake zuwa da nauyi ɗaya ba, don haka idan kana da sikeli a sito, nauyin da aka auna a wurin saukewa shi ne ya kamata ya shiga littafi. Ban ba da shawarar a ɗauki adadin hauhawar farashi na ƙasa a rage shi daga sayayyarka ba, domin wannan adadi matsakaici ne na kayayyaki masu yawa, har da haya da sufuri, kuma hukumar ta sauya shekarar da take auna shi da ita a farkon 2025. Farashin buhunka da ke kan inbois ɗinka ya fi shi dacewa da kasuwarka.

Sayayyar da littafin bashi ba ya gani

Akwai wani rami da ya shafi masu sari irinka musamman. Littafin bashi yana ganin abin da aka ɗauka bashi ne kawai. Manyan kamfanonin sukari da fulawa galibi sai dila ya biya kafin a loda masa, kuma a Dawanau sau da yawa kuɗi hannu ake yi, ko a ba da kafin alƙalami. Idan ba a shigar da waɗannan ta hanyar asusun mai kawo kaya ba, aka rubuta su kai tsaye a matsayin kuɗin da suka fita daga banki, to sayayyarka mafi girma ba za ta taɓa bayyana a zanen ba. Abin da ya fi wannan ruɗarwa shi ne lokacin da wani ya sauya maka sharaɗi. Wanda yake ba ka bashin kwana 30 ya ce daga yau sai kuɗi hannu, sai layinsa ya faɗi ƙasa a zane kamar ka daina hulɗa da shi, alhali motarsa tana ƙofar sitonka kowane mako. Ƙa'idar da nake sa wa duk wanda nake duba wa littafi ita ce kowace sayayya ta bi ta asusun mai kayan, ko da a minti ɗaya aka sauke aka biya. A shigar da inbois, a shigar da biya a kansa, ragowar ta zama sifili, amma tarihin ya zauna.

Kuɗin mota, kuɗin lodi, na 'yan dako da la'adar dillali su ma a ba su nasu layin. Buhun waken da aka saya a Kano ba farashinsa na Kano ne ya kamata ka riƙe a kai ba, abin da ya ci kafin ya kwanta a sitonka na Agege shi ne farashinsa, kuma a shekarun nan kuɗin tirela daga Arewa yana iya tashi ba tare da farashin hatsin ya motsa ba. Idan an cakuɗa su a jimilla ɗaya, za ka zargi mai wake da tsawwalawa alhali man dizal ne ya ci kuɗin. Harajin VAT ma, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a ranar 1 ga Fabrairun 2020, a cire shi gefe a duk inbois ɗin da yake ɗauke da shi, tunda wasu kayanka ana ɗora musu shi, kayan abinci na yau da kullum kuma ba a ɗora musu. Haka kayan da aka mayar saboda ruwa ya taɓa su ko kwari sun shiga: takardar ragin da mai kaya ya bayar dole ta shiga, in ba haka ba zanen zai ƙirga abin da ba ka riƙe ba.

Wace rana aka rubuta, kuma da wane wata ake gwadawa

Na taɓa duba littafin wani mai sari a nan Legas wanda zanensa yake nuna cewa kusan rabin sayayyarsa a makon ƙarshe na kowane wata take faruwa. Har ya fara shirin neman rance na ƙarshen wata a kan haka. Da na zauna a ofishinsa sai na ga dalili a kan tebur: wani ƙarfen ƙusa da ake tsire takardu a kai, inbois da webil, wato takardar da ke rako kaya, sun taru a jikinsa kamar tsiren nama, na ƙasan sun yi baƙi da man girki. Akawun ba ya taɓa su sai ranar 27 ko 28, sai ya zare su gaba ɗaya ya shigar, manhajar kuma ta sa wa kowanne kwanan watan ranar da aka shigar. Sayayyar a baje take cikin wata, akawun ne yake tara ta. Ranar da ta dace a yi amfani da ita wajen bin sawun sayayya ita ce ranar da kayan suka shigo sito, wadda mai sito ya sa hannu a kan webil. Ranar biya aikinta daban ne, ita ce ke nuna tafiyar kuɗi.

Sannan kada a gwada wata da watan da ya gabace shi a yanke hukunci, domin kasuwar kayan masarufi tana da lokutanta. Disamba a Legas ba ya kama da Janairu, kaka ba ta kama da tsakiyar damina. A gwada kowane wata da takwaransa na bara. Amma a nan ma akwai abin da manhajojin nan ba su sani ba, saboda ba don kasuwarmu aka tsara su ba: azumi ba ya tsayawa a wata ɗaya na Bature, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. A Najeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Mai sari yana cika sito da sukari da gero makonni kafin a ga wata, saboda haka sayayyar da ta faɗa cikin Maris a 2023 ta koma Fabrairu a 2025. Wanda ya gwada Maris da Maris zai ɗauka sukari ya mutu, wanda ya gwada Fabrairu da Fabrairu zai ɗauka ya samu sababbin kwastomomi. Abin da nake yi shi ne in sa alama a kan zanen a ranar ɗaukar azumi da ranakun Sallah biyu, in kuma gwada makonni shida kafin azumin bana da makonni shida kafin na bara.

Zanen da ya kamata ka nema

Ba ka buƙatar zane goma. Na farko, kuma wanda ya amsa tambayarka kai tsaye, shi ne zane mai layi biyu ga kowane babban kaya na tsawon wata 24: layi ɗaya yawan buhu ko lita, ɗayan kuma farashin ɗaya bayan an haɗa kuɗin mota. Kaya biyar ko shida da suka fi cin jarinka sun isa, ba sai an zana ashana da magi ba. Idan layin farashi yana sama, na buhu yana ƙasa, ka ga abin da idonka yake gaya maka game da sito.

Na biyu shi ne rabon sayayya tsakanin masu kawo kaya, a jere daga babba zuwa ƙarami. Na fi son sanduna a kwance a kan zanen nan mai da'ira da ake yankawa kamar kankana, domin da zarar sunaye sun wuce biyar ido ba ya iya bambance yankan. Amfaninsa shi ne ka ga wa ka jingina da shi fiye da kima, ka kuma ga wurin da kake da bakin neman ragi ko ƙarin wa'adi. Sai dai kafin a zana shi a tsabtace sunaye. A littafin mutumin da na ambata, mai kawo kaya guda yana da asusu uku: ɗaya da sunan kamfaninsa, ɗaya da sunan da ake kiransa a kasuwa, ɗaya da sunan direbansa. Kowanne ya fito ƙarami a zane, da aka haɗa su sai ga shi shi ne na ɗaya da tazara. A wajen haɗawar ne kuma muka gano inbois ɗin da aka biya sau biyu, domin an shigar da hotonsa da aka turo ta WhatsApp a asusu ɗaya, aka sake shigar da ainihin takardar a wani asusun da direba ya iso. Lambar inbois ita ce ke kama irin wannan, don haka kada a bar gurbinta babu komai. Kafin a biya kowane inbois kuma a haɗa shi da odar da ka bayar da webil ɗin da mai sito ya sa wa hannu, ukun su yi daidai.

Na uku shi ne rahoton tsufan bashi, wanda yake raba abin da ake bin ka gida huɗu: kwana 1 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90, da wanda ya haura 90. Shi ne zai gaya maka ko hawan sandar yaronka daga jinkirin biya yake. Tare da shi akwai lissafi ɗaya mai sauƙi: a raba ragowar bashi da jimillar kayan da aka ɗauka bashi a wani tsawon lokaci, a ninka da kwanakin lokacin. Idan ka ɗauki kayan miliyan 180 a kwana 90, ana bin ka miliyan 60 a ƙarshe, to kwana 30 kake ɗauka kafin ka biya. Tunda ka ce wa'adinka mako biyu ne zuwa wata guda, idan wannan adadi ya fara zuwa 40 ko 45, akwai magana. Wani lokaci dalilin daga waje yake, kamar farkon 2023 bayan an sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, tura kuɗi ta banki ma tana maƙalewa, bashin mutane da yawa ya tsallaka zuwa gida na biyu ba da son ransu ba. Irin wannan a rubuta shi a gefen zane don kada bayan shekara biyu a manta a yi masa wata fassara. Akwai masu ba da shawarar ɗan kasuwa ya ja biya iyakar iyawarsa don ya juya kuɗin mutane. Ni ban goyi bayan haka ba a kasuwa irin tamu da take tafiya a kan amana, kuma ta fuskar lissafi ma ba riba ba ce, domin wanda kake ja wa rai zai ɗora jinkirin a kan farashi, kuma ranar da kaya suka yi wuya ba motarka zai fara lodawa ba.

Game da manhaja, ko QuickBooks ce, ko Sage 50, ko Tally, ko Zoho Books, dukansu suna fitar da rahoton sayayya bisa kaya da bisa mai kawowa, da rahoton tsufan bashi. Excel ma ya wadatar ga sito ɗaya ko biyu idan layukan sun cika. Takardun asali kuma a adana su, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta buƙaci kamfani ya riƙe bayanan lissafinsa na shekara shida.

Iyakar wannan hanya

Littafin masu kawo kaya yana nuna abin da ya shigo, ba ya nuna abin da ya fita. Raguwar buhu na iya nufin ciniki ya ragu, na iya nufin jari ya gaza ɗaukar abin da ya saba, na kuma iya nufin kana juya kaya da sauri har ba sa daɗewa a sito, wanda wannan abin so ne. Ba za a bambance ukun ba sai an ajiye zanen sayayya kusa da na ciniki, an kuma ƙirga sito da hannu aƙalla sau ɗaya a wata. Haka nan zanen baya yake kallo, ba zai gaya maka farashin shinkafa na watan gobe ba. Ni kuma amsa nake bayarwa daga bayaninka, ban buɗe littafinka ba, don haka batun haraji musamman ka zauna da akanta mai rajista da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ya duba takardunka ɗaya bayan ɗaya.

Idan kana son gwaji kafin a taɓa komai a manhajar, ka sa yaron ya ciro inbois ɗin shinkafa da na sukari kawai na wata 24 da suka wuce, har da waɗanda aka biya kuɗi hannu, ya jera su bisa ranar da aka sauke, da yawan buhu da farashin kowanne. Aikin kwana biyu ne ko uku idan takardun suna nan. Inda webil ya ɓata, littafin mai sito zai cike gurbin.